Ranar da Na Iya Fillanci a Safana

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so mantawar, mutanen unguwarmu ba za su bar ni ba. Wata Talata ce na tafi Safana neman aiki da ƙafafuna, saura kaɗan bakina ya kwanar da ni a hannun jami'an tsaro. Ba wanda ya yi mini sharri, ba wanda ya tura ni. Ni na tsara abina da kaina, har da murmushi.

Difloma gare ni a kan kiwon lafiyar dabbobi, kuma a lokacin da abin ya faru takardar ta daɗe a ƙasan akwatin Inna, tare da zannuwanta da ba ta kai ɗinki ba. Mu asalinmu mutanen wani ƙauye ne a yankin Ruma. Da 'yan bindiga suka kore shanun noman Baba, aka kuma fara tare mutane a hanyar gona, sai muka kwaso abin da ya kwasu muka dawo cikin Batsari, gidan haya. Baba ya samu aron wata 'yar gona wajen Karare yana taɓa gero da gyaɗa. Ni ne na fara yin karatu mai zurfi a gidanmu, don haka ni ake kallo. Baba bai taɓa yi mini gorin zama ba. Da safe dai zai saɓa fartanyarsa, ya dube ni ina shan koko, ya ce, "To, sai na dawo." (Da zagina ya riƙa yi, da ya fi mini sauƙi.)

Wanda bai taɓa zaman rashin aiki ba bai san yawan masanan da ke garinsu ba. Duk wanda ya gan ka yana da shawara a aljihu. Mai shayin bakin tasha ya ce in riƙa yin sammako gidajen manya ina gaisuwa. Wani tsohon malamin firamare ya ce matsalata ba na sa hula. Wani kuma ya ce hular ce matsalar. Ni dai kowa ya faɗa sai in ce na gode, don wanda ba ya fita aiki ba shi da uzurin cewa yana sauri.

Amma a cikin masu shawarar nan akwai wanda nake ji da tasa, Yaya Nasiru, ɗan wan Baba. Yana aiki a wani kamfani a Katsina, aikin da har yau ban san takamaimai mene ne ba, sai dai yana rataya kati a wuya, kuma wannan ya ishe ni hujja. Ya zo hutun ƙarshen mako, na kai masa kukana cewa na shiga intabiyu har na gaji, ba a taɓa kira na ba.

Ya ce, "Me kake cewa in sun tambaye ka abin da ba ka sani ba?"

Na ce, "Sai in ce ban sani ba mana, Yaya."

Ya dafe kai kamar na gaya masa rasuwa. "Ka ji matsalarku ke nan. A intabiyu ba a cewa ban iya ba. Ko jirgin sama aka ce ka iya tuƙawa, ka ce ka iya. In an ɗauke ka sai ka koya a hankali. Kowa ka gani a ofis haka ya shiga."

Maganar ta zauna mini daram.

Ba a daɗe ba wata ƙungiya ta fitar da sanarwar neman ma'aikata da za su shiga ƙauyukan Batsari da Safana suna yi wa dabbobi allurar rigakafi. Aikina ne sak, kamar ni aka auna aka ɗinka wa. Na yi jarrabawar rubutu, na ci, aka kira ni intabiyu a Safana. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini: a ƙarshen sanarwar an ce jin Fillanci zai taimaka, tunda yawancin masu shanun Fulani ne. Na buga wa Yaya Nasiru waya.

Ya ce, "Ba kakarka ta wajen uwa Bafillatana ba ce?"

"Ita ce, Yaya, amma ina ƙarami ta rasu."

"To shi ke nan ai. A jininka yake."

Na zauna na lalubo abin da ke jinin nawa. Na tarar na iya gaisuwar safe da amsarta, wato *jam tan*, lafiya lau. Na iya *useko*, na gode. Na iya *ooho*, wato i, haka ne. Sai sunan nono da sunan saniya. Iyakar gadon da kakata ta bar mini ke nan, Allah ya jiƙanta. Na kwantar wa kaina da hankali cewa masu yin intabiyun 'yan birni ne, su ma ba ji suke yi ba. Wa zai gwada ni?

Ranar Talatar na yi wanka da sabulu mai ƙamshi, na sa kaftanin sallah, Inna ta yi mini addu'a har ƙofar gida, na shiga motar Safana. A wani tsohon ofis ake yin abin. An jera mu bisa dogon benci a baranda, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin da kwamitin yake zaune. Tagar ba ta da gilashi ko ɗaya, sai ƙarafa. A kan bencin na tarar da Sadiku, ɗan unguwarmu da muka yi sakandare tare, mutumin da in kana son labari ya zaga Batsari kafin la'asar sai ka gaya masa da azahar ka ce sirri ne. Akwai kuma wasu samari Fulani da suka zo daga wajen Yasore, suna ta hirarsu da yarensu. Na zauna nesa da su.

Da aka kira ni na shiga da sallama, na rusuna na gaishe su. Mutum uku ne a bayan tebur. A tsakiya wani dattijo mai tabarau, shi ne shugaban kwamitin. A damansa wata mata da aka gabatar mini a matsayin Dakta Asma'u, likitar dabbobi. Na shigo na tarar tana waya da Turanci mai santsi, nan take na yanke hukuncin cewa ko nono sai a kwalba ta san shi. A can gefe kuma wani mutum shiru-shiru cikin farin yadi, da biro a hannu, wanda ba a gabatar da shi ba. Na ɗauka magatakarda ne.

Farkon intabiyun, in dai ba yabon kai ba, na yi abin kirki. Sun tambaye ni alamomin ciwon huhu a shanu, na jero. Sun tambaye ni yadda ake riƙe maganin rigakafi kada zafi ya lalata shi a kan hanya, na yi bayani har dattijon yana gyaɗa kai. Dakta ta tambaye ni yadda zan yi da makiyayin da ya ƙi yarda a taɓa masa shanu, na ba ta amsar da ta sa ta rubuta wani abu. Na ji iska ta fara shiga kaina. Da a nan aka tsaya, da yau wani labari nake ba ku.

Sai dattijon ya cire tabarau ya ce, "To, yaro, kana jin Fillanci kuwa?"

Muryar Yaya Nasiru ta taso mini a kunne. Na gyara zama na ce, "Sosai ma, yallaɓai. Da shi na tashi." (Wannan "da shi na tashi" ba wanda ya roƙe ni. Kyauta na ƙara musu.)

Dakta Asma'u ta ajiye bironta. Fuskarta ta washe kamar wadda ta haɗu da ɗan garinsu a Makka. Ta dube ni ta ce, "*A waali jam?*"

Allah ya sa tambayar tana cikin kayana. Na ce, "*Jam tan.*"

Ashe Bafillatana ce gaba da baya, a ruga aka haife ta. Jin amsata sai ta saki jiki, ta ɓalle da Fillanci kamar an buɗe famfo. Ni kuwa tun daga nan ban sake gane ko kalma ɗaya ba, in ban da sau ɗaya da na ji sunan saniya ya wuce da gudu, na bi shi da kallo.

A nan ne mai hankali zai ɗaga hannu ya ce, "Ranki ya daɗe, a yi haƙuri, gaisuwa kawai na iya." Ni sai na ƙirƙiro dabara. Na lura in za ta yi tambaya tana ɗan ɗaga murya a ƙarshe, ta tsaya tana kallona. Duk inda ta tsaya sai in ce "*Ooho*." In maganar ta yi tsawo sai in gyaɗa kai a hankali, irin na wanda abin ya ratsa. Jefi-jefi in jefa "*useko*" don kada a ce abu ɗaya nake maimaitawa.

Ta yi tambaya, na ce *ooho*. Ta sake wata, na ce *ooho*. Na ga ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta suna motsi. Na ce a raina, to, har barkwanci muke yi ashe; sai ni ma na yi 'yar dariya don in taya ta. Daga waje, ta tagar nan, na ji samarin Yasore sun kece da dariya. Na ɗauka hirarsu ce.

Sai ta daina dariyar. Ta gyara zama, ta dube ni ido cikin ido, ta yi wata tambaya a hankali, kalma bayan kalma, kamar mai lallashin yaro ya sauko daga kan katanga. Na ga wannan tambayar mai nauyi ce, ta cancanci amsa mai nauyi. Na dafa ƙirji, na faɗaɗa murmushi, na ce, "*Ooho. Ooho!*" Na ƙara da "*Useko.*"

Nan take dariyar baranda ta yanke.

Mutumin nan mai farin yadi, wanda tun shigowata bai ce uffan ba, ya rufe bironsa, ya sa a aljihu. Ya ce da Hausa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Malam, maimaita abin da ka ce."

Na dubi Dakta. Ta ce, "Ƙanena, ka san abin da na tambaye ka?"

Na ce, "E to... kusan duka, ranki ya daɗe."

Ta ce, "Tambaya ce da muke yi wa duk wanda ya shigo ɗakin nan, saboda wuraren da za mu tura mutane. Cewa na yi, kana da wata hulɗa da mutanen daji? Ka taɓa kai musu mai, ko abinci, ko labarin wani?"

Ashe mai farin yadin jami'in tsaro ne, don wannan tambayar kaɗai aka zaunar da shi. Kuma shi ma yana jin Fillanci. Wato a duk ɗakin nan, da alama, ni kaɗai ne ba na ji, ni da na tashi da shi.

Wanda ya san yankinmu ya san wannan ba maganar wasa ba ce. Kalmar infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, in ta manne wa mutum, wanke ta sai Allah. Kuma a wannan halin ne ƙwaƙwalwata, wadda ta yi difloma, ta kawo mini mafita. Na ce, "Yallaɓai, ai ba *ooho* na Fillanci na ce ba. Oho na Hausa na ce."

Dattijon ya mayar da tabaransa ya kalle ni da kyau. Ya ce, "Wato mu, da furfurarmu, muka tambaye ka ko kana hulɗa da 'yan bindiga, ka dafa ƙirji ka ce mana oho?"

Na ce, "A'a, yallaɓai."

"To wanne ka ce?"

Na duba, na ga kowanne na ɗauka rami ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Yallaɓai, wallahi ba na jin Fillanci. Gaisuwa kawai na iya."

Dakta Asma'u ce ta cece ni, sai dai ceton ya zo da nasa kuɗin fito. Ta juya wajen jami'in ta ce, "Ai kai ma ka ji sauran. Tun tambaya ta biyu na gane ba ya ji, na yi ta ba shi hanya ya tsaya, ya ƙi." Sai ta juyo wajen dattijon, wanda shi ba ya jin yaren sosai, ta fara fassara masa abubuwan da na amsa. Ashe na tabbatar wa kwamiti cewa na girmi mahaifina. Na tabbatar cewa a kan kaza na hau na zo daga Batsari. Na kuma tabbatar, da gyaɗa kai mai ratsa jiki, cewa goyo nake yi, jaririn na bar shi a gida.

Dattijon ya yi iya ƙoƙarinsa, amma da aka zo kan kazar sai ya kifa kai a tebur. A waje kuwa na ji benci yana ƙara, muryar Sadiku ta fi ta kowa fitowa: "Ku sake fassara mini na goyon nan!"

Jami'in ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya ce ya yarda shirme ne, amma shi aikinsa ba ya tafiya da yarda. Ya tambaye ni sunan unguwarmu da sunan mahaifina, ya fita waje ya kira Mai Unguwarmu a waya, ni kuma aka ce in koma benci in jira. Na koma na zauna a tsakiyar mutanen da suka gama jin komai. Ɗaya daga cikin samarin Yasore ya matso, cikin ladabi ƙwarai, ya ce, "Sannu, Malam. Ya jego?"

Sai bayan azahar jami'in ya sallame ni, bayan Mai Unguwa ya shaide ni. Ina fita daga harabar sai ga Dakta za ta shiga mota. Na so in ɓuya bayan wata bishiyar dalbejiya, amma ta riga ta gan ni. Ta kira ni ta ce, "Ƙanena, ka yi haƙuri da tambayar ƙarshen nan, na zaci a kanta kam za ka ce in dakata. Amma me ya kai ka? Fillancin ba dole ba ne. Akwai masu fassara da za su bi kowace tawaga. Kuma a fannin aiki ba wanda ya ba mu amsa kamar taka yau."

Na ce, "To, ranki ya daɗe, ko za a..."

Ta girgiza kai. "Magani za mu damƙa wa mutum ya shiga daji da shi, inda ba mai ganinsa. In ya dawo ya ce ya yi allura, dole mu iya yarda da shi." Ta ja ƙofar motarta. Ba ta yi faɗa ba, ko murya ba ta ɗaga ba.

Kafin motar da na shiga ta iso Batsari, labarin ya riga ni sauka, ya ci abinci, ya huta. Sadiku bai ma jira ya dawo ba, ta waya ya aiko da shi. Tun daga tasha mai shayi ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ooho! An dawo lafiya?"

Na tarar da Baba a zaure, kan tabarma, yana ɓarar gyaɗa. Mai Unguwa da kansa ya bi shi har gona ya gaya masa an kira daga Safana ana binciken ɗansa. Mutumin da ɓarayin daji suka raba da shanunsa da gidansa, yau an ce ɗansa ya amsa a gaban hukuma cewa shi ke kai musu mai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, bai ɗago ba.

Na ce, "Baba, wallahi ban ji abin da aka tambaye ni ba ne."

Ya ce, "Na sani. Abin da na gaya wa Mai Unguwa ke nan. Na ce yaron da uwarsa in ta aike shi niƙa sai ya zubar da rabi a hanya, shi ne zai kai mai har cikin daji?" Ya ɓare wata gyaɗar, ya jefa a kwano. Sannan ya ɗago ya dube ni. "Amma ka sani, an binne mutane a ƙasar nan a kan maganar da ba ta kai wannan ba. Tashi ka je ka ci abinci."

Ban iya cin abincin ba. Na kira Yaya Nasiru na kwashe komai na gaya masa, ina jiran ko da kalmar ban haƙuri ce. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To ai ni cewa na yi ka ce ka iya. Ban ce ka yi magana ba."

Sadiku ya samu aikin. (Ko gaisuwar ma bai iya ba. An tambaye shi, ya ce ba ya ji, aka wuce tambaya ta gaba.) Ni kuwa na sake komawa kan koko na wani lokaci mai tsawo, kafin wani Alhaji mai shagon maganin dabbobi a kasuwar Batsari ya ɗauke ni tsaron shago. Can nake har yanzu, kuma alhamdu lillahi yana rufa asiri. Sunan dai ya zauna. Akwai yaran da suka taso a unguwarmu suna zaton Malam Ooho sunan yanka ne. Makiyayan da ke zuwa sayen magani sun ji labarin, sun ɗauke ni aikin lada, kowa ya zo sai ya koya mini kalma, ya kuma tambayi lafiyar kazar.

Yanzu ni ma na kai matsayin da ƙanne ke zuwa neman shawara in za su shiga intabiyu, kuma ba na hana su, tunda na ga ba a buƙatar lasisi. Abin da nake gaya musu kaɗan ne. In an tambaye ka abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba. Kunyarsa ta ɗan lokaci ce, kuma ba a kiran Mai Unguwa a kanta. In kuma ba ka ji tambaya ba, ka ce a maimaita. Ni dai tun daga ranar, ko a wurin ɗaurin aure liman ya ce "An shaida?", sai na taɓa na kusa da ni na tambaye shi me aka ce, kafin in sa bakina.